Sabunta manhaja: yanda ɓarayin intanet ke bin ƙofar gyara su shiga gida



Kusan duk mai riƙe da salula ta zamani ya san saƙon nan da ke fitowa lokaci lokaci, cewa an fiddo sabon zubi na WhatsApp ko na manhajar aika kuɗi, a latsa a sabunta. "Mizajur" kenan, kamar yanda matasanmu ke faɗi. Wani ya latsa nan take, wani ya ƙyale don kada forfensa ya ƙare. Masana sun daɗe suna gaya mana mu riƙa sabuntawa, kuma gaskiyarsu ce, don ta nan ake toshe kafofin da ɓarayi ke bi. To amma a ƴan shekarun nan ɓarayin sun sake dabara. Sun gane cewa in suka ɓuya cikin sabuntawar kanta, mai gida ne zai buɗe masu ƙofa da hannunsa. Yau za mu duba yanda abin ke faruwa, inda ya taɓa faruwa, da abin da ya rage gare mu.

Babu mai gina manhaja shi kaɗai

Mu ɗauki misalin magini. In zai tada ɗaki, ba shi ke buga tubali ba, ba shi ke saro azara ba, ba shi ke ƙera ƙofa ba. Kowane yana da mai shi, shi dai ya haɗa. Haka mai rubuta manhaja yake. In yana son manhajarsa ta nuna kwanan wata, ko ta matse hoto don ya rage nauyi, ko ta ɓoye lambar sirri, ba zai zauna ya rubuta komai daga farko ba. Akwai gutsattsarin manhaja da wasu suka riga suka rubuta, suka ajiye a intanet kyauta, sai ya ɗauko ya liƙa. Su ne za mu kira tubalan aro a cikin wannan bayani.

Akwai manyan rumbuna da ake tara su. Masu aiki da harshen JavaScript suna da npm, wanda ke ɗauke da tubala sama da miliyan 2. Masu Python suna da PyPI, masu Java suna da Maven. Kuma abin bai tsaya nan ba, don shi ma tubalin da ka aro, mai shi ya aro wasu ya gina shi, waɗancan ma haka. Mutum ya zaɓi tubala 20 da hannunsa, amma in ya ƙidaya abin da ya shigo kwamfutarsa sai ya tarar da ɗaruruwa, daga mutanen da bai taɓa jin sunansu ba. Da yawansu kuma aikin sa kai suke yi da dare bayan sun taso daga aiki, babu mai biyansu ko dala.

An ga girman wannan dogaro a watan Maris na 2016. Wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya samu saɓani da wani kamfani kan sunan wani tubalinsa, ya yi fushi ya kwashe tubalansa sama da 250 daga npm. A cikinsu akwai wani ɗan ƙarami mai suna left-pad, layi 11 ne kacal. Cire shi kawai ya tsaida aikin dubban masu gina manhaja a duniya na ƴan awoyi, har da na manyan kamfanoni. Babu ɓarawo a wannan labari, amma ɓarayi sun ɗauki darasi: ashe ƙaramin tubali ɗaya na iya riƙe da gidaje dubu.

In ba a sabunta ba

Kafin mu shiga haɗarin sabuntawa, ya kamata mu faɗi haɗarin rashinta, don kada wani ya karanta rabi ya ce daga yau ya daina.

Duk manhaja tana da kurakurai, kuma wasu kurakuran kafa ce ga ɓarawo. Ranar da masu tubali suka sanar cewa sun gano kafa sun toshe, a ranar ɓarayi ma suka ji labari, sai su bazama neman waɗanda ba su sabunta ba. Kamfanin Equifax na Amurka, mai tattara bayanan bashin jama'a, ya ɗanɗana wannan. A watan Maris na 2017 aka fiddo gyaran wata kafa a tubalin Apache Struts da kamfanin ke amfani da shi. Ba a saka gyaran a inda ya dace ba. A watan Mayu ɓarayi suka shiga, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli, bayan sun kwashe bayanan mutane kusan miliyan 147. Daga baya kamfanin ya amince da biyan tara da diyya da za su iya kaiwa dalar Amurka miliyan 700.

A watan Disamba na 2021 kuma aka gano wata babbar kafa a tubalin Log4j, wanda aikinsa kawai rubuta bayanin abin da manhaja ke yi. Da ɗan gajeren saƙo ɗaya mutum na iya karɓe ragamar na'ura daga nesa. Abin da ya fi wahalar da kamfanoni a lokacin shi ne, da yawa ba su ma san ko suna da Log4j ba, don ya shigo masu ne ta cikin wani tubali da ke cikin wani tubali. Ma'aikata sun kwana ofis suna bincike.

Kun ga kenan, barin tsohon tubali haɗari ne tabbatacce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matsalar ita ce, wani lokaci ƙadangaren cikin laka yake zuwa, wadda aka kawo don yaɓe tsagar.

Hanya ta farko: cin amana

A 2018 akwai wani tubali a npm mai suna event-stream, ana sauke shi kusan sau miliyan 2 a mako. Mai shi, Dominic Tarr, ya daɗe da daina amfani da shi. Sai wani baƙo ya rubuto masa cewa yana son ya taimaka ya ci gaba da kula da shi. Ya miƙa masa. A watan Satumba baƙon ya fiddo sabon zubi, ya liƙa masa wani ƙaramin tubali mai ɗauke da ɓoyayyen rubutu. Rubutun ba ya motsi a ko'ina sai in ya tsinci kansa cikin Copay, wata manhajar ajiyar kuɗin bitcoin, sannan ya nemi sace makullan asusun mutane. Sai a watan Nuwamba aka gano.

Wanda ya fi wannan tada hankali shi ne na xz, wani tubalin matse bayanai da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da tsarin Linux, wato tsarin da akasarin manyan na'urorin intanet ke gudana a kai. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya shafe shekaru yana kula da shi. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko da ƴan gyare-gyare masu kyau. A 2022 wasu sunaye suka riƙa matsa ma Collin lamba, wai aiki na tafiyar hawainiya, ya nemi mataimaki. Sannu a hankali Jia Tan ya samu izinin fiddo sabon zubi da kansa. Sai a farkon 2024, bayan haƙurin sama da shekara biyu, ya dasa ƙofar sirri a zubi na 5.6.0 da 5.6.1.

Yanda asirin ya tonu abin mamaki ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Jamus mai aiki a Microsoft, Andres Freund, yana wani gwaji nasa daban, sai ya lura shiga wata na'ura daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da wani ne sai ya ce rezo ne. Shi ya bi diddigi har ya kai ga ƙofar, ya sanar ranar 29 ga Maris 2024. An yi sa'a mugun zubin bai wuce matakin gwaji ba a manyan rassan Linux. Da ya ƙara ƴan watanni, da ya shiga miliyoyin na'urori na bankuna, gwamnatoci da kamfanonin sadarwa.

Hanya ta biyu: satar makulli

Wani lokaci mai tubalin mutumin kirki ne, yana nan kan aikinsa, amma an sace masa makullin asusunsa. Ranar 8 ga Satumba 2025 wani mai kula da tubala da dama a npm ya samu wasiƙar imel mai kama da ta hukumar rumbun, cewa ya gaggauta sabunta tsaron asusunsa. Ya latsa, ya shigar da bayanansa, ashe shafin na bogi ne. Cikin ƙanƙanin lokaci ɓarayin suka fiddo gurɓataccen zubi na tubala 18, ciki har da chalk da debug, waɗanda jimillarsu ake saukewa sama da sau miliyar 2 a mako. Abin da suka dasa yana jiran mutum ya zo aika kuɗin kirifto, sai ya musanya adireshin mai karɓa da nasu. An farga cikin ƴan awoyi aka cire, kuma abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Amma duk wanda na'urarsa ke jawo sabon zubi kai tsaye a waɗannan awoyi, ya jawo har da gubar.

Ku lura da wannan: mutumin da aka yaudara ƙwararre ne, ba sabon shiga ba. Dabarar kuwa ita ce dai wadda ake yi mana a salula, a kira ka a ce daga kamfani ne, ka faɗi lambarka ta sirri kafin a rufe maka layi.

Hanya ta uku: shiga masana'antar kanta

Nan ɓarayi ba sa bin mutum ɗaya, kamfanin da ke yin manhajar suke shiga, su gurɓata ta a wurin da ake haɗa ta. Sai ta fito da hatimin kamfani na gaskiya, duk wani bincike ya nuna sahihiya ce.

Haka aka yi ma SolarWinds, wani kamfani a jihar Texas ta Amurka, mai manhajar Orion da manyan ma'aikatu ke lura da na'urorinsu da ita. Tsakanin Maris da Yuni na 2020 kamfanin ya rarraba sabuntawa mai ɗauke da ƙofar sirri ba da saninsa ba, kuma abokan cinikinsa kusan 18,000 suka sauke. Ƙofar takan yi likimo kamar mako biyu kafin ta fara motsi. Sai a watan Disamba kamfanin tsaro na FireEye ya gano, bayan shi ma an shige shi. Gwamnatin Amurka ta ce an kutsa cikin hukumominta 9 da kamfanoni kusan 100, ta kuma ɗora laifin kan hukumar leƙen asirin Rasha. Rasha ta musanta.

Wanda ya fi yin ɓarna a fili shi ne na ranar 27 ga Yuni 2017. A ƙasar Yukren akwai manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc, wadda kamfanoni da yawa ke amfani da ita. Ta hanyar sabuntawarta aka saki wata cuta da aka laƙaba ma suna NotPetya. Tana nuna kamar kuɗin fansa take nema, dalar Amurka 300, amma a gaskiya lalata bayanai take yi ba dawowa. Daga Yukren ta bi layukan kamfanoni ta bazu duniya. Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Danmak, wanda muke ganin kwantenoninsa bisa manyan motoci a hanyoyinmu, ya durƙushe cikin ƴan mintoci. Sai da ya sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 da manyan na'urori 4,000 cikin kwana 10, asararsa ta kai dala miliyan 250 zuwa 300, wato sama da miliyar 140 na kuɗin CFA. Mujallar Wired ta ruwaito cewa kwafi ɗaya tak na wani muhimmin kundin kamfanin ya tsira, kuma a ofishinsa na Gana aka same shi. Dalili? An ɗauke wuta kafin harin, na'urar ba ta kan layi. Ɗaukewar wutar da muke kuka da ita, ran nan ita ta ceci kamfani.

Hanya ta huɗu: suna mai kama da suna

Kamar dai yanda ake kawo jabun kaya kasuwa da suna mai bambancin harafi ɗaya, haka ake ajiye mugun tubali a rumbu da sunan da ya yi kama da na sananne, ana jiran wanda yatsansa zai zame. A watan Fabrairu na 2021 wani mai bincike, Alex Birsan, ya nuna wata dabara da ta fi wannan. Ya gano sunayen tubalan da kamfanoni ke amfani da su a cikin gida, ya ajiye nasa a rumbun jama'a da suna iri ɗaya amma da lambar zubi mafi girma. Na'urorin kamfanonin, da yake an saba masu da ɗaukar mafi sabo, sai suka jawo nasa. Ta haka ya shiga kamfanoni sama da 35, har da Apple, Microsoft da PayPal. Shi da izini ya yi, aka biya shi ladan sama da dala 130,000.

Akwai kuma saye. A farkon 2024 wani kamfani ya sayi adireshin polyfill.io, wanda shafukan intanet sama da 100,000 ke jawo wani ɗan rubutu daga gare shi duk lokacin da aka buɗe su. A watan Yuni aka gano adireshin ya fara tura masu salula zuwa shafukan caca da na damfara. Masu shafukan ba su taɓa komai ba, mai tubalin ne ya sauya.

Ko babu ɓarawo

Sabuntawa na iya yin ɓarna ko da kowa na da kyakkyawar niyya. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin CrowdStrike, wanda sana'arsa ma tsaron kwamfuta ce, ya tura wata sabuntawa mai kuskure zuwa ga abokan cinikinsa gaba ɗaya a lokaci guda. Microsoft ya ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8 da rabi suka tsaya. An soke dubban tafiye-tafiyen jiragen sama, asibitoci sun ɗage aiki, bankuna da gidajen talabijin sun samu cikas. Da an fara tura ta ga kaɗan an ga yanda ta yi, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Sauri ya haifi nawa.

To mu ina ruwanmu?

Wani zai ce wannan zancen Turai da Amurka ne. A'a, tubalan da suke amfani da su, su ne dai a cikin salularmu. Manhajar da ɗan kasuwa a Maraɗi ke karɓar kuɗi da ita, wadda ɗan ci-rani ke aiko ma iyalinsa kuɗi Tawa da ita, da shafin da ɗalibi a Damagaram ke duba sakamakon jarabawa, duk da irin waɗannan tubala aka gina su. Hasali ma shafukan gidajen rediyo da na ƙungiyoyi da yawa a kan WordPress suke, kuma kowane ƙarin da aka liƙa masu, na sauraren shiri kai tsaye ko na nuna hotuna, tubalin aro ne.

Kuma an ga abin a kayan da muka sani. A watan Agusta na 2019 kamfanin Kaspersky ya gano mugun rubutu cikin CamScanner, manhajar ɗaukar hoton takardu da aka sauke sama da sau miliyan 100. Ta cikin tubalin talla na wani kamfani daban ya shigo. Google ya cire ta daga Play Store har sai da aka gyara. A 2020 wani bincike ya gano cutar Triada a salula ƙirar Tecno W2 kusan 53,000 a ƙasashen da suka haɗa da Gana, Kamaru da Habasha, tana ƙoƙarin yi ma mutane rajistar ayyukan biya ba da saninsu ba. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ce daga wani mai kawo masa kayan haɗi ta fito, kuma ya fiddo gyara. A 2021 Kaspersky ya sake samun Triada cikin wani zubi na FMWhatsApp, ɗaya daga cikin WhatsApp ɗin nan na bayan fage da matasa ke so don yana nuna saƙon da aka goge. Nan ma ta tubalin talla ta shigo, tana iya karanta saƙonnin SMS. Ku tuna, ta SMS ake aiko mana lambar tabbatar da asusu.

Abin da ya kamata masu gina manhaja su yi

Matasanmu da ke wannan sana'a a Yamai da sauran garuruwa suna ƙaruwa, kuma nauyi na farko a kansu yake.

Da farko a san abin da ke cikin gini. A riƙe jerin duk tubalan da manhaja ta ƙunsa, na kai tsaye da waɗanda suka biyo bayansu, da lambar zubin kowane. Wanda ke da wannan jeri, ranar da aka sanar da kafa irin ta Log4j, cikin minti biyar zai san ko ta shafe shi. Amurka ta sa wannan jeri cikin umarnin shugaban ƙasa na watan Mayu 2021 kan manhajar da gwamnati ke saye, Tarayyar Turai ma ta sa shi cikin dokarta ta 2024.

Na biyu, a ɗaure kowane tubali a kan zubin da aka gwada. Akwai fayil na musamman da ke yin wannan, wanda ke riƙe lambar zubi da tambarin abin da ke ciki, ta yanda in an sauya ko harafi ɗaya na'ura za ta ƙi karɓa. Kada a bar na'ura ta riƙa jawo mafi sabo da kanta.

Na uku, a ɗan jinkirta. Gurɓatattun zubi da yawa a npm cikin awoyi ko ƴan kwanaki ake gano su, don haka wanda ya bar sabon zubi ya yi kamar mako guda kafin ya ɗauka, ya tsallake da yawa daga cikinsu. Amma in sanarwa ce ta kafar da ɓarayi ke bi yanzu haka, to wannan ba a jira, a gwada a saka da gaggawa.

Na huɗu, a karanta kafin a karɓa. Me aka ce an sauya? Wa ya sauya? In tubalin da ya yi shekaru shiru ya farka kwatsam da sabon mai kula, ko ya liƙo wani tubali da ba a sani ba, ko tubalin gyara kwanan wata ya fara neman hanyar fita intanet, a tsaya a duba. Kayan aiki irin su npm audit da Dependabot suna taimakawa, amma kafofin da aka riga aka sani suke nunawa, ba za su gaya maka wanda aka dasa jiya ba.

Na biyar, a gwada a gefe, a kan na'urar da ba ta riƙe da makullan banki ko bayanan jama'a, sannan a tura ma mutane kaɗan, in lafiya a ƙara. A tanadi hanyar komawa tsohon zubi, a kuma ajiye kwafin bayanai a wurin da ba ya kan layi. Darasin ofishin Gana kenan, sai dai kada a bar shi ga sa'a.

Na ƙarshe, a rage yawan aro. Abin da za ka iya rubutawa a layi 11, ba sai ka ɗauko na baƙo ba. Kuma duk mai asusu a waɗannan rumbuna ya sa masa tsaro mai mataki biyu, ya daina latsa adireshin da ya zo cikin imel, ya rubuta shi da hannunsa.

Ga ofisoshi da ƙungiyoyi

Abin da ya zama ruwan dare shi ne a ba matashi kwangilar shafi ko manhaja, ya gama, a biya shi, a yi bukin buɗewa, shi kenan babu mai sake waiwaya. Bayan shekara uku tubalan sun tsufa, wanda ya gina ya sake lamba. Ko ma'aikatar magajin gari ce, ko asusun adashi da lamuni, ko gidan likita, ko lakkol, tun wajen rubuta kwangila ya kamata a yi tambaya. Wa zai riƙa sabuntawa, kuma sau nawa? Ina jerin tubalan? A hannun wa makullai suke? In sabuntawa ta ɓata aiki, awa nawa za a ɗauka a koma? A ware kuɗin kulawa kamar yanda ake ware na yaɓen gida kafin damina. A tuna kuma Nijar tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Wanda ya karɓi suna da lambar mutane, amana ya ɗauka.

Ga mai salula

Kada ku daina sabuntawa. Ga mai salula, haɗarin zama da tsohuwar manhaja ya fi na sabuntawa yawa nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne inda sabuntawar ta fito.

A sabunta daga Play Store ko App Store, ko daga cikin saitin salular kanta. Gaskiya ne su ma abu kan kuɓuce masu, kamar yanda muka gani a CamScanner, amma suna bincike, kuma in an gano suna iya cirewa su gargaɗe ku. Manhajar da aka tura maku ta Xender ko a wajen mai caji, babu mai bin bayanta. Duk saƙon da ya shigo a guruf cewa a latsa nan a sabunta WhatsApp ko manhajar banki, a ƙyale shi, ko da daga ɗan'uwa ya fito, don shi ma turo masa aka yi.

A rabu da su GB WhatsApp da FMWhatsApp, musamman a salular da ake hulɗar kuɗi da ita. In manhaja ta zo bayan sabuntawa tana neman izinin da bai shafi aikinta ba, misali tocila na son karanta saƙonni, a hana ta, a goge ta. Manhajar da kuka yi watanni ba ku buɗe ba ita ma a cire. In kun ga kiredi na zarcewa ba dalili, ko talla na faɗowa ko'ina, ko batir na mutuwa da wuri bayan wata sabuntawa, ku duba abin da kuka saka kwanan nan, ku kuma tuntuɓi kamfanin layinku a ga ko an yi maku rajistar wani abu. Lambar sirri kuwa, babu sabuntawar da ke buƙatar ku faɗa ma wani ita.

Wanda ya karanta wannan, don Allah ya bayyana ma na kusa da shi da ba ya karatu, musamman iyayenmu da ke miƙa salularsu a kasuwa a ce a saka masu abu. Masu tambaya ko ƙarin bayani, ƙofarmu a buɗe take. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu.